Jarabar Waya: Jawabi Ga Mutanen Ƙauyen Alu

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa iyaye da samari a Ƙauyen Alu, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Mun buga shi kamar yadda aka yi shi.

Dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, da ku samari da kuka tsaya can nesa kuna jira ku ji ko zaginku za a yi, muna yi muku barka da zuwa. Ku matso kusa, don rabin maganar nan taku ce, kuma in an gama za mu so mu ji ta bakinku.

Abin da ya tara mu yau kowa ya san shi, domin babu gidan da bai shiga ba, tun daga nan har Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa. Maganar waya ce, da irin riƙon da ta yi wa 'ya'yanmu. Ku fita bayan sallar isha'i ku duba majalisar samari a kowane lungu. Dā in ka nufo majalisa tun daga nesa kake jin gardama, ko ta ƙwallo ko ta siyasa, har dattijo ya leƙo ya ce a rage murya. Yau sai ka tarad da mutum takwas a kan benci ɗaya, kowa ya sunkuya, haske na dukan fuskarsa, ka yi sallama da ƙyar ɗaya ya amsa. Mai shayi ya haɗa, shayin ya huce a gabansu. Uwa ta kira 'yarta sau uku daga madafa, sai a na huɗu ta ce na'am. Tela ya ba yaronsa kalmasa, ya dawo ya tarar allura na tsaye, babban yatsa ne ke aiki. In aka ɗauke wuta kuwa, abin da ke fara faɗo wa yaro a rai shi ne ina zai kai caji. To, duk wannan kun fi mu saninsa. Abin da muke so mu bincika tare shi ne, wa ke cin ribar wannan abu?

Ku tuna abin bai daɗe ba. A shekarar 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a ƙasar nan, lokacin da layi kaɗai yakan kai naira dubu 20 ko fiye, sai attajiri da babban ma'aikaci. Facebook a 2004 aka ƙirƙiro shi, a 2016 aka sa masa Hausa. TikTok kuwa ɗan jiya ne, bai bazu a duniya ba sai daga 2018. Watau iyayen da ke zaune a nan babu wanda ya gāji sanin yadda ake renon ɗa mai waya. Kakanninmu sun bar mana dabarar yaye, da ta kai yaro makarantar allo, da ta koya masa sana'a, amma wannan ba su gan ta ba balle su bar mana maganinta.

CINIKIN GYAƊA

Bari mu ɗauko misali daga abin da Kanawa suka sani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, sai kamfanonin Turawa suka kafa sikeli suna sayen gyaɗa. Manomi ya sha rana damina guda, ya ɗoro buhu a kan jaki, a auna a faɗa masa kuɗin da aka ga dama, a tara dala, a loda a jirgi sai Ikko, sai Ingila. Dattawanmu sun yi kuka da wannan ciniki, sun ce ana ƙwarar talaka, kuma gaskiya suka faɗa. Amma duk ƙwarar da aka yi wa manomin nan, ko sule nawa ne yakan koma gida da su a aljihu.

To, yau an sake kafa sikeli, amma a cikin tafin hannun ɗanka. Abin da ake aunawa shi ne lokacinsa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kuɗin shiga fiye da dala biliyan 160 a shekarar 2024, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Mai talla me yake saye? Idon mutane yake saye. Gwargwadon daɗewar yaro yana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna masa, gwargwadon kuɗin da zai shiga asusun kamfani. Ashe ke nan yaronmu shi ne gonar, darensa shi ne gyaɗar. Abin takaici kuma, wannan karon ba a biyan manomi ko anini. Shi ne ma ke biyan kuɗin dako, don sai ya sayi data kafin a kwashi lokacinsa, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin karin kumallo da uwa ta ba ɗan makaranta, da canjin cefane, da abin da yaro ya samo a gareji, can suke tafiya.

Kada wani ya ce ai yaro ne ba shi da tarbiyya, da ya so da ya ajiye. Jama'a, abin nan gina shi aka yi don kada a ajiye. Littafi yana da shafin ƙarshe. Wasan kwaikwayo na rediyo yakan ƙare a ce sai mako mai zuwa. Fim ɗin Hausa ma, kome tsawonsa, yakan kai inda za a rubuta alhamdu lillahi. Amma shafin waya ba shi da gindi, kana ja yana zuwa. Wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin shi ya fito da wannan dabara a 2006, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadamarsa. Sa'an nan akwai na'ura a can bayan fage wadda aikinta ke nan dare da rana, tana lura da hoton da ka tsaya a kansa, da wanda ka wuce, da wanda ka maimaita, har ta san abin da ke kama zuciyarka fiye da yadda mahaifiyarka ta sani, ta yi ta miƙo maka irinsa.

Akwai kuma dabara ta uku, wadda 'yan caca suka daɗe da sani. Wani masanin halayya a Amurka, B. F. Skinner, ya gwada ta da tattabaru tun wajen shekarun 1950. In tattabara ta san duk saran da ta yi wa maɓalli hatsi zai zubo, takan ci ta ƙoshi ta huta. In kuwa wani sa'i ya zubo, wani sa'i bai zubo ba, kuma ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta sara ba ji ba gani. Haka yaro yake da waya. Hoto goma na banza, na sha ɗaya ya ba shi dariya, sai ya ce bari in ga na gaba. Ya sa hotonsa, yau mutum biyar suka yaba, gobe ɗari biyu, jibi shiru, sai ya yi ta leƙawa. Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa da bakinsa a 2017 cewa sun san rauni ne na zuciyar ɗan Adam suke amfani da shi, kuma suka ci gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In manyan injiniyoyi dubbai sun zauna ana biyansu albashi don su hana mutum ajiye waya, yaya za mu ce yaro ɗan shekara 14 shi kaɗai ya kayar da su?

ABIN DA TAKE CI

Abu na fari da take ci shi ne barci. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kowane dare. Yaron da ya kwanta ƙarfe biyu, aka tashe shi asuba da ƙyar, ya tafi makaranta, jikinsa ne kaɗai ke cikin aji. Malaman makaranta da na Islamiyya da ke nan za su ba da shaida, hadda ba ta zama a kan da bai yi barci ba. Daga nan sai rashin haƙuri da duk abin da ya wuce minti ɗaya. Wanda ya saba da hoto mai daƙiƙa 30, ina zai iya zaman karanta babi guda, ko zaman koyon ɗinkin aljihu har ya iya?

Na biyu, tana cin wadar zuci, kuma a nan 'ya'yanmu mata suka fi shan wuya. A 2021 wata ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida gaban majalisar dattawan Amurka. A cikin takardun nan an ga binciken da kamfanin ya yi da kansa, inda kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin ƙyamar surar jikinsu, Instagram yakan ƙara musu. Wannan a ƙasashen Turawa ke nan. Mu nan fa? Yarinya tana zaune a ɗakin uwarta a Ƙauyen Alu, tana kallon bikin 'yar wane da aka yi kwana bakwai ana yi, da akwatunan lefe jere kamar kanti, da fuskokin da na'ura ta wanke ta goge har babu tabo. Ba ta san rabin abin aro ne da bashi ba. Sai ta dubi madubi ta raina halittarta, ta dubi gidansu ta raina ubanta, sai man bilicin, sai raina saurayin da ya zo da gaskiyarsa. Samari kuma suna kallon sa'o'insu a cikin motocin da ba a san inda aka samo su ba, sai zuciya ta ce sana'a ɓata lokaci ce.

Babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fid da gargaɗi a watan Mayu na 2023, ya kawo binciken da ya nuna yara 'yan shekara 12 zuwa 15 da ke wuce sa'a uku a yini a kan waɗannan shafuffuka sun ninka sauran yara haɗarin shiga damuwa da ƙuncin rai. Masana suna gardama har yanzu kan wane ne ya riga wani, ko waya ce ke kawo ƙuncin, ko kuwa mai ƙunci ne ke gudu ya ɓuya a cikin waya. Mu a ganinmu duka biyu suna faruwa, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma ba ta sa ta shafukan zumunta ba. Saboda haka kada a bar nan a je ana kiran yara mahaukata. Amma in yaro ya bar cin abinci, ya bar wanka, ya bar abokai, in an karɓe wayar ya fita hayyacinsa, to abin ya wuce faɗa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga shi nan kusa da mu a kan titin Zariya, da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a ciki, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Na uku kun gan shi da idonku. Waya ta zama abin da ake zub da jini a kansa. Ƙwacen waya ya yi tsanani a birnin nan har a watan Mayu na 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ce za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wanda aka soka ɗanmu ne, wanda ya yi sukar ma ɗan wani ne a cikinmu.

Ba mu ce waya ba ta da amfani ba. Matan aure nawa ne a unguwar nan ke sayar da atamfa da turaren wuta da cincin ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙofar gida ba? Ɗalibai suna karatu da ita, ana jin tafsiri, ana gaisawa da ɗan'uwa da ke Makka ko Kurmi. Kasuwar waya ta Farm Centre, nan cikin Tarauni, tana ciyar da gidaje masu yawa. Wuƙa ma ana yanka albasa da ita.

HUKUMA TA SAN HANYA IN TA GA DAMA

Yanzu bari mu juya ga masu mulki, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2018, da BBC ta nuna fim kan yadda maganin tari mai kodin ke halaka samari, har da na Kano, ba a daɗe ba, a farkon watan Mayu, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. An bi abin ta wajen masu sarrafawa da masu sayarwa, kuma haka ya kamata. A watan Yuni na 2021, da kamfanin Twitter ya goge wani rubutu na shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, cikin kwana biyu aka rufe shi a ƙasar nan gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai Janairu na 2022. A nan Kano kuma, a watan Nuwamba na 2022, kotu ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar kotu, saboda sun yi wa gwamnan lokacin ba'a. Ashe hukuma tana da hannu, kuma hannun yana da sauri, in an taɓa rawanin mai mulki. To, barcin yara fa, da karatunsu? Wa aka taɓa rufewa dominsu?

Ku dubi yadda wasu suka yi. Kamfanin da ya mallaki TikTok yana da irinsa da ake amfani da shi a ƙasar Sin, sunansa Douyin. A 2021 aka ƙayyade wa yaran can 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a yini, kuma daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe a rufe yake gare su. Mai tuwo ya auna wa 'ya'yansa, na maƙwabta ya bar musu tukunya a buɗe. Ƙasar Ostareliya ta yi doka a watan Nuwamba na 2024, ta fara aiki a Disamba na 2025, wadda ta hana buɗe wa 'yan ƙasa da shekara 16 shafi. Abin lura a dokar nan shi ne, in an karya ta kamfani ake ci tara, ba yaro ba, ba ubansa ba. A Amurka ma jihohi fiye da 30 suka haɗu suka kai Meta ƙara a watan Oktoba na 2023 kan cutar da yara. Kada a ce mu ba mu isa ba, don a watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci wannan kamfani tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Wanda ya iya wannan zai iya tilasta a sa wa yaranmu irin ƙofar da aka sa wa na Sin.

Hukumar Hisba ta kira 'yan TikTok ta yi musu nasiha a 2023, ta kama waɗansu daga baya. Mai yin batsa a bainar jama'a lalle a tsawata masa. Amma masu rawa a gaban kyamara 'yan kaɗan ne. Dubban da ke kwance cikin duhu suna kallo har asuba ba su karya dokar kowa ba, kuma babu motar da za ta kwashe su.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo siyasa, ko wace jam'iyya ce. Ɗan siyasa ya tara samari ya saya musu data, ya ce su wuni suna zagin abokin hamayyarsa. Yaro ya zagi sa'an kakansa a kan abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, zaɓe ya wuce, mai gida ya canza layi. 'Ya'yansa shi kuwa suna makaranta a waje.

Tushen abin dai shi ne zaman banza. Lokacin yaranmu ya yi araha ne shi ya sa ake kwasarsa kyauta. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saurayi mai jini a jika, ba aji, ba aiki, ba jari, me ake so ya riƙe? Masaƙu da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda dā suke ɗaukar dubban ma'aikata, da yawansu sun daɗe da yin shiru. Filayen da muka buga ƙwallo muna yara, ku lissafa da kanku nawa ne suka rage ba a yanka an yi shaguna ba. A shekarun 1950 an yi Yaƙi da Jahilci, magidanta suna zuwa ajin dare da fitilar ƙwai don su iya karanta takardar haraji da kansu. Jikokinsu yau duk sun iya karatu, sai aka bar su ba abin karantawa sai zagi da tallan magani.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba za mu zauna jiran Abuja ba. Iyaye maza, mu fara da dare, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. In ƙarfe goma ta yi, wayoyin gida duka su kwana wuri ɗaya a wajen ɗakin barcin yara. Muka ce duka, har da ta mai gida, domin yaron da ya ga ubansa yana latsa waya ana yi masa magana ba zai ji wa'azin kowa ba. Dabarar nan ba ta yiwuwa ga gida ɗaya, don yaro zai ce ai gidan su wane ba a yi. Sai layi guda ya haɗa baki, mai unguwa da liman su sani. Yaron firamare da na ƙaramar sakandare, in don a neme shi ne, ƙaramar waya mai maɓalli ta ishe shi. Iyaye mata, in kun ga 'yarku ta yi shiru ta shige ɗaki, kada a fara da fizge waya da gori. A zauna a tambaye ta me take kallo, wa ke yi mata magana, don wanda aka kora da faɗa yakan koma ya ɓoye ne kawai.

Ku samari, ba mu ce ku yarda da mu ba. Kowace babbar waya tana da wurin da take rubuta sa'o'in da aka yi a kanta. Ku buɗe yau ku duba na makon nan. In sa'a biyar ce a yini, to sa'a 35 ke nan a mako, kusan makon aikin ma'aikacin gwamnati cif. Wanda ya kai wannan sa'o'i wurin mai gyaran waya a Farm Centre, ko wurin kafinta ko mai walda, cikin shekara guda ai da an fara ba shi aiki ya yi shi kaɗai. Masu sana'a da ke nan, muna roƙon kowa ya ɗauki yaro ɗaya daga layinsu, a rubuta sunaye kafin a watse.

Ga ƙaramar hukumar Tarauni kuwa, mazaɓa goma gare ta, Ƙauyen Alu ɗaya ce daga ciki. Abin da muke nema shi ne kowace mazaɓa a ware mata filin wasa da takarda, yadda ba mai iya sayar da shi, a kuma buɗe aji ɗaya na makarantar gwamnati da dare, da fitila mai aiki da hasken rana, inda yaro zai zauna ya yi karatu. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan, amma yaron da ba shi da kuɗin adaidaita sahu ba zai je kullum ba. Za mu rubuta wannan bukata, dattawa su sa hannu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a kuma aika wa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya kan maganar dokar kamfanoni. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a unguwar nan, a ɗauko masa kwafin takardar a tambaye shi inda ta kwana.

Yanzu samari, fili naku ne. Wanda ke da magana ya ɗaga hannu.